Motar Yara Huɗu

Shekarar da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin nan da aka biya a dunƙule, Kankara ta haukace da saye-saye. Wanda jiya yake aron keke sai ga shi a kan babur yana watsa wa mutane ƙasa. Masinjan ofis ma agogo biyu ya ɗaura, wai don kada ɗaya ya yi masa ƙarya. Malam Nata'ala, malamin gona, shi kaɗai ya karɓi nasa ya kai gida ya yi shiru, wata takwas ba a ga ko sabuwar hula a kansa ba. Abokan aiki suka ce rowa ce. Ba rowa ba ce. Mota yake so, kuma ba don a gan shi a ciki ba. Yaro yake so ya ɗauko.

Yaron ɗansa ne na fari, Almu. Tun da aka yaye shi aka kai shi Sabuwa wajen kakarsa Inna Mero, mahaifiyar Nata'ala, kamar yadda aka saba, ga shi yanzu ya shekara goma sha biyu yana bin awakinta. Sunan mahaifin Nata'ala aka sa masa, ga shi kuma ɗan fari, sai kunyar ta zama biyu. Nata'ala bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa dafa kansa a gaban mutane ba. In magana ta kama dole sai ya ce "na wajen Inna." Matarsa Hajaratu ma haka take yi. Kowa yana yaba musu, ana cewa gidan tarbiyya ne. Ba wanda ya san in Nata'ala ya je Sabuwa yakan zauna a zaure kamar mai jan carbi, alhali da wutsiyar ido yake auna tsawon da yaron ya ƙara. Shi ma ɗan fari ne, har ubansa ya koma ga Allah bai ji sunansa a bakinsa ba, ya kuwa san yadda abin yake ci.

Bara ya yi ta-maza ya roƙi Inna ta ba shi yaron ya sa shi makaranta a Kankara. Tsohuwar ta ce, "Ban hana ba. Amma maigidana ba ya hawa bayan akori-kura bisa buhuna kamar akuyar kasuwa, hanyar nan ta ci mutane da yawa. Ran da ka yi motarka, ka zo ka ɗauki abinka." Wataƙila ta faɗa ne don ta san malamin gona ba ya yin mota. Sai ga Udoji.

Ya haɗa kuɗin da na shanun huɗarsa biyu da ya sayar, ya ji labarin wani ɗan kwangila a Faskari, Alhaji Hadi, ya sayo sabuwar mota zai rabu da tsofaffinsa biyu. Ranar Asabar ya tafi da mutum biyu. Ɗaya Gide ne, bakanike a tashar Kankara, mai hannu mai kyau da baki mara birki, wanda bai fi shekara biyu da zuwa garin ba. Ɗayan Baba Mani, ƙanen mahaifinsa, don ba a yin babban ciniki babu babba a wurin.

Motocin suna ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a ƙofar gidan Alhaji. Duka Fijo ne. Ɗaya ƙarama, fara, mai ƙofa huɗu da kujera layi biyu. Ɗayar doguwa ce shuɗiya mai kujera layi uku, irin wadda in ta tsaya a ƙauye yara ke zaton asibiti ce ta zo. Tun daga nesa idon Nata'ala ya maƙale a kan doguwar. Ya leƙa ta taga ya ga layin baya, a zuciyarsa har ya zaunar da yaron a can, gefen taga, ƙafafunsa a miƙe.

Gide bai kalli fenti ba. Ya tuɓe riga ya shige ƙarƙashin kowace, ya fito ya buɗe inji, ya zaro sandar mai ya murza baƙin man a yatsa ya shinshina. Ya sa aka tayar da su ɗaya bayan ɗaya, ya kara tafin hannu a bakin salansa. Ƙaramar tana numfashi lafiya lau. Doguwar kuwa sai da ta yi tari uku kafin ta kama, ta turnuƙe kajin Alhaji da shuɗin hayaƙi.

"Malam, in hwaɗa maka gaskiya," in ji Gide yana goge hannu da tsumma, "ƙaramar nan ba ta da ciwon komi, yau ka hau yau ka tahi. Doguwar ta sha wuya, sai na sauke injinta, aikin sati biyu ne, kuma aljihunka zai ji a jikinshi. Amma za ta tashi. In kuna da yawa, ita za mu ɗauka mu daure. In ba ku da yawa, mi zai kai ka wahala? Yara nawa gare ka?"

Tambaya ce ta aiki, ba ta da wani nufi. Amma Baba Mani yana tsaye a gefe ya dogara da sandarsa, Alhaji Hadi yana zaune a kan tabarma da baƙinsa uku, kowa yana jiran amsa. Yaya mutum zai buɗe baki a gaban ƙanen ubansa ya ƙirga ɗan fari, mai sunan marigayi, a cikin 'ya'yansa? Balle cikin da Hajaratu ke ɗauke da shi, wannan ko a ɗaki ba a ambatarsa. Nata'ala ya ji zufa ta tsatso masa a ƙarƙashin hula.

"Huɗu," ya ce.

Baba Mani ya gyaɗa kai, irin na dattijon da ya ga tarbiyyar gidansu ba ta lalace ba. Gide ya tafa hannu. "To ai magana ta ƙare! Huɗu a baya da uwarsu, kai a gaba. Kamar don ku aka ƙera ta." Aka yi ciniki, Alhaji ya ce albarka sau biyu, a na uku ya sallama, aka shafa fatiha.

A hanyar komawa Nata'ala ya yi ta lallashin kansa. Wa ya taɓa ganin mota ta cika a ƙasar nan? Irin wannan ƙaramar ai mutum tara take ɗauka ranar kasuwar Sheme, har da kaji. Za a matsa, yaron zai samu wuri. Kuma gaskiyarsa ce, wuri ba zai gagara ba. Abin da bai lissafa da shi ba shi ne bakin Gide.

Washegarin ƙaramar Sallah suka kama hanyar Sabuwa, Gide ke tuƙi don Malam bai gama koyo ba. Hedimasta ya riga ya yi alkawarin ajiye wa yaron gurbi har a dawo hutu, Hajaratu ta ɗinka masa riga da wando ta ɓoye a ƙasan akwati ba ta gaya wa kowa ba. Damina ba ta gama janye ƙafa ba, daga Dandume zuwa can hanyar duk kwari ce da taɓo, amma ƙaramar motar ta yi ta kutsawa ba ta ko yi tari ba. Da hantsi suka tsaya a ƙofar gidan Inna Mero, unguwa ta fito kallo.

Almu yana cikin masu kallon, a baya-baya. Ya yi wanka, ya sa rigarsa ta Sallah, kuma tun asuba ya ɗaure 'yan kayansa a cikin wani tsohon zanen kakarsa ya ajiye a bakin zaure, don Inna ta gaya masa yau za a zo ɗaukarsa. Ya durƙusa ya gaida ubansa. Nata'ala ya amsa yana kallon wani wuri, kamar yadda ya kamata, zuciyarsa kuwa kamar ta fashe don murna.

Bayan an ci abinci maza suka kewaye motar, Gide ya samu abin da yake so, wato masu saurare. Ya buɗe musu inji, ya danna ƙaho, ya ba da labarin cinikin tun daga farko yana ƙara gishiri.

"Akwai wata doguwa, layi uku, Malam har ya hwara haɗiyar miyau. Na ce mashi tsaya, mota ba a sayenta da ido. Na ce yara nawa gare ka? Ya ce huɗu. Na ce huɗu kaɗai? To ga taka nan. Ku duba ku gani, ga su can su huɗu, ɗaya, biyu, uku, huɗu, cif! Ko ɗaya ba ta rage ba, ko ɗaya ba ta ƙaru ba."

Manyan da ke wurin suka yi murmushi, sun gane, wasu ma suka ce madalla da kunya irin ta mutanen da. Amma Almu yana tsaye a jikin ƙofar baya, hannunsa a kan mariƙin ƙofar yana shafawa. Ya bi yatsan Gide da ido har ya gama ƙirga ƙannensa. Sannan ya janye hannunsa a hankali, ya goge a rigarsa, ya wuce cikin gida. Da zai shiga ya sunkuya ya ɗauki ƙullin kayansa.

Da la'asar aka yi shirin tafiya. Nata'ala da kansa ya sauke buhun masarar da Inna ta ba su, ya ce a bar shi sai wani zuwa, ya sa Hajaratu ta ɗora ƙaramarsu Bilki a cinya. Wuri ya samu, gefen taga. Aka aika a kira yaron, bai fito ba. Inna ta shiga da kanta, Nata'ala ya bi ta ya tsaya a bakin ɗaki.

"Tashi, maigida, ana jiranka."

"Inna, ki ce masu su tahi. Motar ta yara huɗu ce."

"Kai, rufe mani baki! Kunya ce irin ta manya, ba ka san komi ba. Haka kakanka ya yi mashi, ya mutu ne? Ubanka shanunshi ya saida saboda kai."

"Shi ya hwaɗa maki, Inna?"

Tsohuwar ta waiwayo ta dubi ɗanta. Kalma ɗaya ake nema a wurinsa, kuma tana nan a bakinsa, ya ji nauyinta a kan harshe. Amma uwarsa ce a gabansa, ga matan gida sun yi cirko-cirko a tsakar gida da kunnuwa a buɗe. Abin da ya iya fitarwa shi ne, "Inna, ki ce mashi rana tana yi." Yaron ya juya fuskarsa bango. Inna ta ce ita ba za ta ɗaure shi da igiya ta sa a mota ba, ba haka suka yi ba. Hajaratu ta ciro riga da wandon ta ajiye a kan gadon tsohuwar, ta fita tana share ido da bakin mayafi.

Suka taso, Gide, wanda sai yanzu wani ya ja shi gefe ya gaya masa abin da ya yi, ya kafa ido a kan hanya. A fitar gari akwai wani rafi da suka ratsa da safe lafiya, amma shanu sun sauka sun dama shi da rana. Tayoyin baya suka nutse, motar ta yi ta gurnani a wuri ɗaya. Kafin a jima samari da yaran gari sun sheƙo a guje, sun fi ashirin, suka zuba duwatsu da rassa, suka jeru a bayan motar. Nata'ala zai fita, Gide ya ce ya zauna, nauyinsa a cikin motar yana da amfani. Ya waiwaya, sai ya ga Almu a tsakiyarsu, ya tuɓe rigar Sallah, ya kafa kafaɗa a jikin but ɗin motar yana turawa da iyakar ƙarfinsa, taɓo yana fallatsar masa a fuska.

Motar ta zabura ta kama tudu.

"Tsaya, Gide! Tsaya!"

"Malam, in na tsaya a hawan nan baya za mu koma cikin ruwa, sai mun kai sama!"

Nata'ala ya zura kai da kafaɗa ta taga. "Kai! Kai yaro!" Yara ashirin suka ɗago kai, wasu suna ɗaga masa hannu suna dariya. Almu ya sunkuya a bakin ruwa yana wanke ƙafafunsa, bai ɗago ba, don ba a kira shi ba. Da suka kai saman tudun Gide ya taka birki, Nata'ala ya fito ya duba ƙasa. Yaran sun riga sun juya cikin dawa ta hanyar gari, ba a ganin komai sai karan dawa yana motsi.

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya dawo ya zauna, ya ja ƙofa, ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu. Baƙin ciki ya taso masa tun daga ciki, irin wanda bai ji ba ko ranar da aka binne ubansa.

"Almu," ya ce. "Almu."

Hajaratu ta rufe fuskarta da mayafi. Bilki, 'yar shekara huɗu, ta miƙo kai tsakanin kujeru ta taɓa kafaɗarsa.

"Baba, wane ne Almu?"