Shanun Aro a Gonar Abarshi

Shekarar da En'e ta fara raba garmar shanu a ƙasar Birnin Gwari, gonar Abarshi aka zaɓa a Damari don gwaji. Dattijo ne da ba ya musu, shi ya sa dagaci ya nuna shi. Malamin gona, wani saurayi Bazazzagi mai suna Salmanu, ya kawo masa bijimai biyu da garmar ƙarfe.

"Baba, garma ba ta son saiwa," in ji shi. "Sai an tumɓuke itatuwan nan."

Ɗorawa huɗu ce a gonar. Da kalwarsu Mairama, matar Abarshi, take yin daddawa tun tana amarya. Ta tsaya a bakin gona har aka kayar da ta ƙarshe, sannan ta koma gida.

Yero, Bafulatanin da ke kiwo a bayan gari, ya duba bijiman ya ce gonar ta yi kusa da kurmi, ƙudan tsando ba zai bar su ba. Abarshi ya faɗa wa Salmanu. Salmanu ya ce babu wannan a takardar da aka ba shi.

Huɗa ɗaya bijiman suka yi. Kafin dawa ta fid da kai sun rame, idanunsu na zubar da ruwa. Ɗaya ya faɗi a bakin rafi, ɗayan aka yanka.

Da kaka aka ce Baturen gona na tafe daga Zariya ya ga yadda shirin ya karɓu. Salmanu ya riga shi isowa, shi da dagaci suka aro bijimai biyu a garken Yero, suka ɗaure su a gonar.

"Baba, ka rufa mini asiri," in ji Salmanu. "In ya ji sun mutu, aikina ya tafi."

"Malam, ai na faɗa maka tun farko."

Dagaci ya ce, "Abarshi, ba a kawo ka nan don dogon bayani ba."

Baturen yana jin Hausa. Ya shafa tozon bijimi ɗaya, ya juyo.

"Maigida, shanu lafiya?"

Abarshi ya dubi dagaci. "Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Garma ta yi maka amfani?"

"Ta yi."

Baturen ya rubuta, ya hau dokinsa. Ko ruwa bai tsaya sha ba.

Da bazara umarni ya zo cewa tunda gwaji ya yi kyau, mutum shida za su karɓi shanu a Damari. Cikinsu har da Nababa, ƙanin Abarshi, wanda gonarsa ta fi kusa da kurmi. Abarshi ya tafi Tsohon Birni, inda ofishin En'e yake, a ƙafa don ya faɗi gaskiya. Wani malamin En'e ya buɗe takarda ya karanta masa amsar da ya ba Bature, ya ce ko yana nufin Bature ya yi ƙarya ne?

Kafin ya dawo an gama sare itatuwan Nababa. Ya same shi zaune a kan kututture.

"Yaya, da bakinka ka ce lafiya lau?"

"Da bakina."

Shanun mutum shidan ba su kai kaka ba. An mayar da Salmanu Zariya da ƙarin girma. Nababa kuwa ya kwashe iyalinsa ya koma garin surukansa, bai yi wa yayansa sallama ba.