Layi ko Kwali

Tun da ECOWAS ta sa aka rufe iyakar Jibiya, dabino ya daina zuwa daga Maraɗi. Teburina yana ƙofar shagon Alhaji Mamman a Babbar Kasuwa. Shi ya ba ni wurin. In ya ce tashi, na tashi.

'Yan dabino suka ce a zaɓi mutum ɗaya ya kai kukanmu Abuja. Biyu suka fito: Alhaji Mamman da Kawu Babaji, ƙanen mahaifiyata.

Muka taru bayan la'asar. Sagiru mai awo ya fara.

"Wai ita ECOWAS ɗin ga, wa ya zaɓe ta? Ni dai ban dangwala mata ba."

"Ka zaɓi shugaban ƙasa, shi kuma ya zauna can a madadinka," in ji Malam Lawal, sakatarenmu.

"Wanda na zaɓa faɗuwa ya yi."

"To, an zaɓar maka."

"Kukan namu fa, gwamnati za a kai wa ko ita?"

Malam Lawal ya gyara hula. 

Sai gardamar zaɓen kanta. Dattawa suka ce layi, kowa ya tsaya bayan nasa, ba maguɗi. Matasa suka ce takarda a jefa cikin kwali. Malam Lawal ya ce masu son kwali su ɗaga hannu.

Na yi tunani. A layi dole ɗayansu ya gan ni bayan ɗayan. Na ɗaga hannu.

Kwali ya ci. Na rubuta sunan Alhaji, na jefa. Da aka ƙirga, Kawu ya yi nasara.

Da safe na tarar an ja teburina bakin kwata. Na durƙusa na gaida Alhaji.

"Umair, da ni za ka zaɓa, mi zai sa ka nemi kwali?"

"Wallahi Alhaji kai na rubuta."

"Kawo takardar in gani."

"Ai babu sunana a jiki."

"To."

Ya ci gaba da jan carbi.

Na ɗauki teburin a ka. Wajen ƙofar kasuwa na haɗu da Kawu. Ya riƙe hannuna yana murna.

"Na ga hannunka jiya, ɗan albarka. Na gane."

Na tambaye shi ko akwai wuri gaban rumfarsa. Ya ce ɗan Sagiru ya riga ni.