Idanun Inés

Ranar Asabar littafin ya iso garin Cutter's Bend a keken dawakin da ke kawo wasiƙu. Kafin hantsi maza sun cika kantin Ezra Tull, sun kewaye murhu, kowa da kofin gahawarsa. Ezra ne ya fi kowa iya karatu, shi ya buɗe.

Obadiah Crull, tsoho mai kiwon kaji a bayan gari, ya zauna kan buhun wake yana shafa gemu. Hotonsa ne a bangon littafin, ko da yake mai zanen ya ƙara masa tsawo da faɗin ƙirji. Bara wani marubuci ya zo daga Boston, ya yi kwana uku yana yi masa tambayoyi, ga abin da ya haifar: Kerkecin Laramie.

"Jiragen ƙasa bakwai ya tare," Ezra ya karanta. "Maza goma sha biyu ya kwantar."

"Kai, tsoho! Ashe da mugu muke zaune?" in ji Silas maƙeri.

"To, ƙuruciya," Obadiah ya ce, zuciyarsa fal da daɗi. Shekara talatin ba wanda ya dube shi sai in ƙwai ake nema.

Sai aka zo babi na tara. Wai akwai wata Inés, mai idanu baƙaƙe kamar rijiya, wadda saboda hawayenta Kerkeci ya ajiye bindiga har abada. Maza suka ɗauki fito. Ba wanda ya lura Hester, matar Obadiah, tana tsaye a bakin ƙofa da kwandonta. Ta juya ta fita.

Da Obadiah ya isa gida, ta riga ta ɗaure akwati.

"Hetty, wallahi ban san wata Inés ba! Mutumin nan ne ya ƙirƙiro ta."

"Da ake karantawa ka musa? Gemu na ga kana shafawa."

"Littafi ne fa kawai."

"To ka je mai idanun ta yi maka wanki. Ina Cheyenne, gidan ƙanwata."

Keken zai juya da tsakar rana, daga ƙofar kantin. Hester ta hau ta zauna, ta miƙe wuya kamar mai jiran a ɗauke ta hoto. Obadiah ya dubi mazan da yau kaɗai suka fara tashi su ba shi wuri. Ya dubi hular matarsa, mai furen da ya koɗe. Ya hau kan ganga.

"Jama'a, ku ji! Ban taɓa kashe kowa ba. Ban taɓa tare jirgi ba, ƙararsa ma tsoro take ba ni. Keken dawaki ɗaya na tare a rayuwata, shi ma ina ɗaga bindiga dokina ya watsar da ni, ƙafa ta karye."

Silas ya fara dariya har gahawa ta sarƙe shi.

"Yi dariyarka, ɗan banza. Fasinjoji suka ce a bar ni ga ungulu. Yarinya ɗaya ta sauko, ta ɗaure min ƙafa da sandar lemarta, ta sa aka ɗora ni a keken. Tun daga nan har gari faɗa take min, mil goma cur, ba ta ja numfashi ba. Ni kuwa ina kwance ina roƙon Allah kada mu iso."

Dariya ta ɗan lafa. Mai keke ya tattara linzami, ya waiwayo.

"Uwata, tafiya ko zama?"

Hester ta daɗe tana gyara safar hannunta.

"Mil goma sha huɗu ne," ta ce. "A huɗun ƙarshe suma ka yi, jarumi. Sauko min da akwatina, kuma ka bi a hankali, akwai tangaran a ciki."