Tsumma a Gindin Randa

Irin albasar Baba Tamu ba sayensa ake yi ba, zuwa ake yi a karɓa. Duk shekara idan damina ta fara ja da baya, tsohon yakan zauna a zaurensa da ke gefen Aliero, tulu a gabansa, yana aunawa da gwangwanin madara yana miƙa wa masu ƙaramin ƙarfi. Wanda Allah ya ba amfani, idan ya cire albasa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Ya'ƙub kuwa, mijin 'yarsa Murjanatu, har gida ake aika masa nasa a Gumbin Kure, tun ranar rabo tana da nisa.

Bana ma haka aka yi. Ƙullin irin yana rataye a ɗaki wata Laraba bayan la'asar, Ya'ƙub yana gyaran tiyon injin ban ruwa a tsakar gida, rediyo tana kan turmi. Shirin manoma ne na ƙaramin gidan rediyon yankin, wanda wani Waliyyu yake gabatarwa.

"Jama'a, irin albasa ba gero ba na," in ji Waliyyu. "Gero shina shekara biyu cikin rumbu shi tsira. Albasa in ta wuce shekara, sai addu'a. Kafin ku yafa, ku ɗebi kaɗan ku zuba bisa jiƙaƙƙen tsumma, ku naɗe, ku aje gindin randa. Kada ku bari shi bushe. In mako ya zagayo, iri zai gaya muku gaskiyarsa da bakinsa."

Ya'ƙub mutum ne mai son gwada abu. Ya yaga tsohon buhun algarara gida biyu. Ɗaya ya zuba irin surukinsa, ɗaya kuma ya roƙi ɗan iri kaɗan wajen maƙwabci, don ya ga bambanci.

"Yanzu kuma randata ta koma fadama?" in ji Murjanatu.

"Kwana kaɗan na. In sun tsira ki yi muna miya."

Da mako ya zagayo ya warware. Na maƙwabci ya fito da fararen saiwoyi cunkus, kamar gemun tsoho. Na Baba Tamu yana nan baƙi ƙirin yadda aka zuba shi, sai ɗaiɗaiku da suka leƙo. Ya ce wataƙila shi ne bai iya ba, ya sake. Na biyun ma haka. A nan ya tuna cewa bara ciwon ƙafa ya kwantar da tsohon, bai yi noman iri ba. Abin da ke cikin tulun na bara waccan ne.

Ya zauna da tsumman a hannu har inuwa ta bar shi. Tasa matsalar mai sauƙi ce: ya hau babur ya je kasuwar Jega, ya sayo wani iri, ya yafa, ya yi shiru. Surukinsa ya zauna da girmansa. To amma Yalwa fa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara da ɗan filin fadama? Ita da ire-irenta za su karɓi gwangwaninsu, su yi godiya, su yafa, su yi ta ban ruwa kan matacce. Kafin su gane, lokacin dashe ya wuce, ranin ya tafi musu a banza. Shekara nawa da aurensa, bai taɓa cin ko goro a gaban Baba Tamu ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba. Yau da wane baki zai ce masa abin da ake yabonsa a kai ya mutu? Ya san kunya ado ce, haka aka rene shi. Abin da bai sani ba shi ne ko halal ne mutum ya yi ado da abincin marayu.

"Ke za ki gaya mai," ya ce wa matarsa. "Mahaifinki na."

"Ni? Ɗiyar fari? Mutumin da ko sunana bai faɗi? In na shiga zaure, bango shika kallo shina magana da ni."

"To wa?"

Ta kalli turmi. "Wancan da yaj jawo muna. Rediyo ba ta da suruki."

Washegari ya nemi gidan rediyon, ɗakuna biyu ne da doguwar eriya. Waliyyu ya fito, siririn saurayi da tabarau. Ya'ƙub bai ambaci sunan kowa ba, ya dai roƙi a maimaita darasin tsumma.

"Munka yi shi har sau biyu fa," in ji Waliyyu.

"Akwai wanda bai ji ba."

"To kai da kaj ji, ka gaya mai mana. Ai don haka muka yin shirin."

Ya'ƙub ya sunkuyar da kai. Waliyyu ya dube shi, ya fashe da dariya.

"Suruki na ko? Kai na uku ke nan wanga wata. Je ka, Laraba in sha Allahu."

Ran Laraba ya je gaisuwa Aliero da rediyonsa a rataye. Ya durƙusa daga bakin zaure, aka gaisa, ya koma gefe ya ajiye rediyon kamar ya manta tana kunne. Zuciyarsa tana tambayarsa ko wannan ladabi ne ko dabara. Waliyyu ya cika alkawari, har ya ƙara da cewa iri mai kyau ma yana tsufa, ba laifin mai shi ba ne.

Baba Tamu ya saurara yana jan carbi. Da aka gama ya yi tsaki.

"Wanga yaro na cikin akwati, ya taɓa riƙa kalmen noma kuwa? Tun ubansa bai yi wando ba nika aje iri." Ya juya ga wani tsoho da ke kusa. "Ka shaida wa mutane, Alhamis ta sama rabo."

Ya'ƙub ya koma gida. Kwanakin da suka biyo baya bai yi barcin kirki ba. Ya auna ta nan, ya auna ta can. Idan ya faɗa, wataƙila tsohon ba zai sake kallonsa da mutunci ba, Murjanatu kuma ta shiga tsakani. Idan ya yi shiru, duk ranar da ya wuce filin Yalwa ya gan shi fayau, zai san da hannunsa a ciki. Ran Alhamis da sassafe ya naɗe tsummansa biyu ya sa a aljihu.

Ya tarar da tsohon shi kaɗai, tulu a gabansa, gwangwani a kife. Ya durƙusa ya gaishe shi. Duk maganar da ya tsara a kan hanya ta gudu. Sai kawai ya ciro tsumman, ya warware su a kan tabarma.

"Baba, ka gafarce ni. Wanga na maƙwabcina. Wanga kuma..."

Baba Tamu ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa hannu bayan ƙofa, inda 'yar randar zaure take, ya jawo wani jiƙaƙƙen ƙyalle, yagaggen hannun tsohuwar riga. Ya shimfiɗa shi kusa da na Ya'ƙub. Baƙin iri ne a kwance, tsiro bai fi a ƙirga da yatsu ba.

"Tun ranar da kaz zo da akwatinka," ya ce. "Kana fita nij jiƙa shi. Cewa niy yi in ƙaryata yaron." Ya ɗago kai. "Malam, ka san da wanga tun yaushe?"

"An kwana biyu, Baba."

"Kab bar ni nit tara mutane."

"Kunya, Baba."

"Kunya." Tsohon ya murza ƙyallen da yatsa. "Ni ma ita ad da ni zaune tun asuba. Na kife gwangwani, na kasa tashi."

Sallama ta fara daga waje. Yalwa ce a gaba da 'yar jakarta, wasu na biye. Ya'ƙub ya yunƙura zai tattare tsumman, tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Ku shigo ku gani," ya ce da ƙarfi. "Babu rabo yau. Irina ya tsufa awa mai shi."

Ya nuna musu ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, ya bayyana yadda ake yi, dalla-dalla, kamar shi ya ƙirƙiro. Yalwa ta riƙe jakarta da hannu biyu.

"To Baba, mu ina muka nufa?"

"Kimba. Akwai wanda nib ba iri shekarun baya, shina noma shi har yau, na bana gare shi. Jikan irina na, ba shi hana ni. Amma shi ma sai ya kwana gindin randa kafin in ba kowa. Akwai sauran lokaci, ku dawo Alhamis."

Da suka watse ya sa hula, ya ɗauki sandarsa, ya tsaya yana kallon babur ɗin Ya'ƙub kamar bai taɓa ganin irinsa ba. Ya'ƙub ya ce bari ya nemo ɗan acaɓa.

"Rana na yi. Tada shi."

Tsohon ya hau, ya matsa can ƙarshen kujera, ya kama ƙarfen baya, ya bar fili tsakaninsu wanda buhu zai zauna. Haka suka fita gari. Da suka sauka daga kwalta suka faɗa ramin farko, Ya'ƙub ya ji hannu ya damƙi kafaɗarsa, kuma bai saki ba.

"Malam," in ji Baba Tamu daga baya, "yaron nan na akwati, wace rana shika magana?"

"Laraba, Baba."

"To ka riƙa zowa da akwatin. Sai dai ka gaya mai shi rage surutu."