Ranar da Meshak Ya Lashi Ƙashi a Gaban Gwaggo

Da Meshak ya turo mutanensa neman auren yayata Edna, Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. A gidanmu ba a karɓar gaisuwar aure sai wani babba ya je ya ga mutum a wurin aikinsa. Gwaggo Afiniki, yayar Baba, aka zaɓa, kuma duk abin da ta dawo ta faɗa, magana ta ƙare. Aka ce in raka ta tunda na gama sakandare, ko za a yi Turanci. Edna ko koko ba ta iya sha ba da safen ranar tafiyar.

An ce mana yana aiki da mutanen jami'a, masu tonon kayan mutanen dā, can wajen Kwoi. Gwaggo ta ɗaura zanenta na Zumuntar Mata ta cocinmu, muka hau mota daga Kafanchan, tana tsammanin ofis da tebur. Sai muka tarar da shi a gefen gonar citta, cikin rami, a durƙushe, yana share ƙasa da buroshin goge haƙori.

"Sannu da zuwa, Mama!" Ya fito ya rusuna.

"Ɗana, ba su ba ka fartanya ba?"

"Fartanya tana ɓata leya, Mama."

Gwaggo ta kalle ni. Na ce mata a hankali, hawa-hawan ƙasa yake nufi, kowane hawa da zamaninsa. Ta ce hm.

Ya zaga da mu. Ga ƙatti biyu suna tankaɗe ƙasa da rariya kamar garin tuwo. Ga wani yana wanke ƙasa a bokiti. Meshak ya nuna mana wani baƙin wuri a bangon ramin, fuskarsa har ƙyalli take yi don murna, ya ce sun yi babbar sa'a, jujin mutanen dā suka samu.

"Juji," in ji Gwaggo. "Na zuba shara?"

"Shi fa, Mama."

Ta miƙa hannu za ta ɗauki wani guntun gawayi, ya yi tsalle ya tare ta. Wai hannu zai lalata samfur, za a naɗe shi a sa a jirgin sama zuwa Ingila a auna shekarunsa.

"Gawayi zai je Ingila. Ni da na haifi takwas ban wuce Kaduna ba."

Da ta tambayi amfanin wani dunƙulen yumɓu mai huda biyu, ya yi dariya ya ce su ma ba su sani ba, kuma a aikinsu in ba a san amfanin abu ba sai a kira shi kayan tsafi. Ni dai ƙasa nake kallo, ina addu'a ya yi shiru.

Sai ɗaya daga masu rariyar ya kawo masa wani abu fari-fari, ya ce, "Oga, dutse ne ko ƙashi?" Meshak ya karɓa, ya hura, ya ɗora a harshensa. A gabanmu. Ya ce, "Ƙashi ne."

"Yesu!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Clara, ɗauko jakata. Maye za mu ba 'yarmu?"

In kalmar nan ta shiga kunnen Baba, Edna ta rasa Meshak har abada. Meshak yana ta rantsuwa cewa na dabba ne, haka aka koya musu, ƙashi yana kama harshe, dutse ba ya kamawa.

"Ƙarya! Yaushe ƙashi ya yi hannun kama mutum?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Gwaggo, kin san Baba. Zai tambaya ko kin gwada kafin ki ce ƙarya ne."

Ta harare ni har na ji fitsari. Sannan ta fizge abin, ta goge a bakin zanenta, ta zaro harshe ta taɓa. Ta saki hannu. Abin bai faɗi ba. Yana nan maƙale, yana lilo a harshen shugabar Zumuntar Mata, idanunta waje, masu rariya sun juya baya kafaɗunsu na rawa. Sai da Meshak ya ce, "Mama, ki ja a hankali."

A mota, da muka hango layin dogo, Gwaggo ta dube ni.

"Clara, me kika gani yau?"

"Na ga Meshak yana aiki, Gwaggo."

"Sai me?"

"Sai... shi ke nan."

"Yawwa."

Baba yana zaune a ƙarƙashin mangwaro, Edna a laɓe bayan ƙofa. Gwaggo ta ce, "Yaron yana gaida manya, kuma ba ya ƙarya. Aikin nasa dai sai addu'a. A karɓi gaisuwarsu." Ta juyo wurina. "Ke kuma tsayuwar me kike yi? Kawo mini ruwan ɗumi da gishiri."