Taku Ashirin da Shida

Tun ƙarfe uku na rana falon Maman Bebi ya cika. Ta ture keken ɗinkinta jikin bango, ta kwashe almakashi da allurai ta ɗora saman durowa saboda 'ya'yan maƙwabta, sannan ta zauna a hannun kujera da Bebi a cinya. Surukarta, Inna, ta kafa kujerar roba dab da talabijin kamar mai shirin shiga ciki. Yau ne ɗan Inna, Gajere, mijin Maman Bebi, zai yi gudun miƙa sanda a zagayen ƙarshe na gasar duniya, can wata ƙasa da sai jirgi ya sauka sau biyu kafin a kai.

Mutum huɗu ne, sanda ɗaya, kowa ya yi mita ɗari ya danƙa wa na gaba. Gajere shi ne na uku, mai cin kwana, don gajeren mutum ya fi iya lanƙwasa. Shekararsa talatin da ɗaya, kuma akwai yara uku da ke jiran wurinsa ido buɗe. Maman Bebi ba ta buƙatar a gaya mata wanda za a fara nuna wa ƙofa idan aka sami matsala.

Abin da ya hana ta cin abincin rana shi ne wayar da Gajere ya bugo da safe. Shekara biyu cur yana miƙa wa Akawu sanda. Akawu, ɗan siririn ma'aikacin gidan waya, shi ne na huɗu, kuma da shi suka tsallake zagayen share fage jiya. Amma Ciyaman na hukumar tsere ya sauka da tawagar mutum goma sha tara don raka 'yan gudu huɗu, ya duba takarda, ya ce mai gudun ƙarshe kyamara take ɗauka, saboda haka ƙasa na buƙatar fuskar da aka sani. Aka cire Akawu, aka sa Walƙiya, wanda hotonsa ke kan allon tallar man goge baki a kowane shataletale, wanda kuma bai taɓa zuwa atisayen sanda ba ko sau ɗaya.

"To shi Koci me ya ce?" ta tambaya.

"Ya ce, ranka ya daɗe, dama abin da nake tunani ke nan."

"Kun gwada kuwa, Abban Bebi?"

"Walƙiya yana wurin tausa. Amma Koci ya ba shi lambar, ki kwantar da hankalinki."

Ta san lambar. Mai karɓar sanda ba ya tsayawa jira. Yakan auna taku daga inda yake tsaye zuwa baya, diddige na taɓa yatsa, ya manna farin salatif a ƙasa. Da zarar mai kawowa ya taka salatif, sai ya zuba da gudu ba waige, a cim masa a hanya kafin jan layin da in an wuce shi an fita daga gasa. Taku ashirin da shida ne tsakanin Gajere da Akawu. Ta sha ganin sun ƙirga shi a layin gidansu, tana tsaye da goyo tana tare musu masu babur.

"Ga shi nan! Ga ɗana!" in ji Inna, tana nuna wani ɗan wata ƙasa.

"Inna, wancan ba shi ba ne. Ga shi can mai koren wando."

"Ke 'yar nan, ni za ki nuna wa abin da na haifa?"

Kyamara ta bar kowa ta koma kan Walƙiya, kamar yadda Ciyaman ya yi hasashe. Ya sumbaci sarƙar wuyansa, ya ɗaga wa duniya yatsa biyu, sannan ya fara ƙirga taku. Falo ya ɗauki shewa. Maman Bebi kuwa ƙafarsa take kallo. Ita tela ce, idan mutum ya shigo shago kafin ya gama sallama ta san yadin da zai ci. Akawu ƙafarsa kamar ta amarya, har tsokanarsa take yi cewa a ɓangaren mata yake sayen takalmi. Wannan kuma da ke takawa a talabijin, kowane takalmi ya isa a kwantar da Bebi a ciki.

"Ya yi nisa," ta ce.

"Me ya yi nisa?" in ji Mai Kanti, maƙwabcinsu, wanda ya rufe shago ya zo da ra'ayoyinsa.

"Salatif ɗin. Da ƙafar Akawu aka auna lambar. Wannan zai tashi da wuri."

"Maman Bebi, wannan fa ba ɗinkin bujen makaranta ba ne. Akwai masana a wurin, mutum goma sha tara."

Bindiga ta tashi. Na farko ya miƙa lafiya, na biyu ya miƙa lafiya, Gajere ya karɓa ƙasarsu tana matsayi na uku. Ya shiga kwana kamar an ɗaure shi da igiya ana juyawa, ya wuce mutum ɗaya, mai sharhi ya fara ƙoƙarin furta sunan ƙasarsu. Inna ta miƙe, kujerar roba ta kife. Ƙafar Gajere ta taka salatif, Walƙiya ya tashi. Kuma a ba shi haƙƙinsa, gudu dai ya iya. Gajere ya miƙa hannu, ya yi ihu, ya ƙara miƙawa, tsakanin sanda da tafin Walƙiya bai fi tsawon hannun riga ba, amma ya ƙi rufuwa. Da jan layi ya matso, Gajere ya jefa jikinsa gaba ɗaya. Sanda ta taɓa yatsun Walƙiya, ta faɗi, ta gangara layin wasu. Gajere ya bi ta da haɓa.

Walƙiya ya yi kusan mita ashirin da hannu a baya kafin ya lura ba a sa masa komai ba.

Aka maimaita faɗuwar sau biyar, a hankali, ta gaba da ta gefe da ta sama. Bebi ta fashe da kuka saboda ihun Inna. Maman Bebi ta juya ta zuwa kafaɗa, ta rufe mata ido da tafin hannu, ko da yake yarinyar wata tara gare ta.

"Shekaru," in ji Mai Kanti yana neman takalminsa. "Ƙafa ta gaji."

Kafin Gajere ya dawo gida, hoton ya riga shi. Yana kwance rub da ciki, baki buɗe, sanda na gudu ta bar shi. Walƙiya ya shaida wa 'yan jarida cewa shi dai ya miƙa hannu, Allah shaida, duniya ma shaida. Ciyaman ya ce hukuma ba za ta lamunci sakaci ba, ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin jagorancinsa. A layinsu kuwa, in Gajere ya je sayen burodi, sai Mai Kanti ya riƙe ledar da hannu biyu ya ce, "A hankali, ka kama? In saki?" Gajere ya daina fita. Yakan zauna da filasta a haɓa yana kallon bango, Bebi na jan masa kunne.

Ranar zaman kwamiti, Maman Bebi ta goya 'yarta, ta rataya tef ɗin awo a wuya, ta biya gidan Akawu ta karɓo takalminsa na gudu a leda.

"Don Allah ki rufa mini asiri," in ji Gajere a bakin ƙofar hukuma. "Ba a shiga da mata."

"A ina aka rubuta?"

Ba a rubuta ba, don bai taɓa zuwa ran kowa ba cewa wata za ta zo.

Ofishin Ciyaman na hawa na biyu. Dogon tebur, ruwan roba goma sha biyu, na'urar sanyaya ɗaki na ɗiga cikin bokiti. Walƙiya bai zo ba, yana ƙasar waje, amma ya aiko da gaisuwa. Takalminsa kuwa yana nan, wanda ya yi gudun da shi, ya sa masa hannu ya ba Ciyaman kyauta, an ajiye a akwatin gilashi kusa da tuta. An riga an buga rahoton, yana gaban Sakatare, saura a saurari wanda ake zargi.

"Baiwar Allah, daga wace jarida?" in ji Ciyaman.

"Daga gidansa, ranka ya daɗe. Matarsa ce. Tambaya ɗaya zan yi wa Koci in tafi, yarinya za ta sha nono."

Koci ya gyara hula.

"Taku nawa ka ce wa Walƙiya ya auna?"

"Ashirin da shida. Lambar da muke aiki da ita shekara biyu, a rubuce take."

"Da ƙafar wa aka rubuta ta?"

Koci ya juya ya dubi Ciyaman.

Ta ciro takalmin Akawu ta ɗora kan tebur, tsakanin ruwan roba da rahoto. Ta ja tef. "Inci goma. Sakatare, duba da idonka, kar a ce mace ce ta karanta." Sannan ta nuna akwatin gilashi. "A buɗe mini wancan."

"Wannan kayan tarihi ne," in ji Ciyaman.

"Ba sawa zan yi ba, ranka ya daɗe."

Wani dattijo a ƙarshen tebur, wanda tun shigowarta yake gyangyaɗi, ya farka ya ce a buɗe mana, shi ma ya daɗe yana son ya taɓa. Aka buɗe. Inci goma sha uku.

"Bambanci inci uku. Sau ashirin da shida, inci saba'in da takwas. Yadi biyu da inci shida ke nan, rigar babban mutum har da aljihu." Ta gyara goyo. "Kun ba wanda ya fi kowa gudu a ƙasar nan ratar yadi biyu, kuka ce mijina ya kamo shi. Saura tsawon hannu ya kamo shi ma. Ga haɓarsa nan, ku duba."

Sakatare ya jawo rahoton a hankali ya kife shi.

"A gaskiya," in ji Ciyaman bayan ya sha ruwa, "wannan batu na ƙafa, na daɗe ina nazari a kansa."

"Ƙwarai, ranka ya daɗe," in ji Koci. "Ka taɓa ambata mini a jirgi."

Bayan sati biyu takarda ta iso. Gajere ya karanta a tsaye a ƙofar shago, Maman Bebi na kafa hannun riga. Kwamiti ya gano cewa babu laifin kowane ɗan gudu, ko koci, ko jami'i. Laifin na tsohon tsarin awo ne, wanda shugabancin yanzu ya gada. Gajere zai ci gaba da riƙe matsayinsa na uku. Bisa hangen nesan Ciyaman, an ƙirƙiro muƙamin Jami'in Awo, wanda zai riƙa bin tawaga duk inda za ta. Sannan daga yau an haramta wa iyalan 'yan wasa hawa bene na biyu.

"Karanta mini wurin matsayinka kuma," ta ce. Ya karanta. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da taka keke.

Da yammacin Laraba wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya a ƙofar shagon. Wani mai tumbi da sabon kati a wuya ya fito, ya ce shi ne Jami'in Awo, ƙanin matar Ciyaman, an ce a nan ake samun irin tef ɗin nan. Ta ciro sabo ta ba shi. Ya warware, ya duba gaba, ya juya baya, ya ɓata fuska.

"Hajiya, wannan ai lamba biyu gare shi. Nan ya ce goma, nan ya ce ashirin da biyar. Wanne ne na gaskiya?"

Maman Bebi ta dube shi, ta dubi Gajere da ke bakin ƙofa yana jijjiga Bebi. Wata huɗu ya rage a tafi gasa ta gaba, kuma wannan bawan Allah ne zai manna salatif. Ta tsayar da keke, ta share masa benci.

"Zauna, Yallaɓai. Kashe wayar. Miƙo ƙafarka, da ita za mu fara."