Ranar Da Bayana Ya Riƙe A Gindin Taga

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa bas ɗin 'yan makaranta a garin Kajaani, can ƙasar sanyi da dusar ƙanƙara, kuma ban taɓa yi wa yaro ɗaya tsawa sau biyu ba. Kallo ɗaya ta madubi ya wadatar. Haka dai nake faɗa wa mutane. Shi ya sa da 'yarmu Marjut ta bugo waya ta ce an jera mata aiki a asibiti har jajiberin Kirsimeti, za ta kawo mana yaranta su yi mako biyu, na ce ta kawo su ko su goma ne.

Su biyu ne kacal: Pihla mai shekara takwas, da ƙaninta Aarre mai shekara biyar. Kafin kwana uku sun tsinka wayar fitilun ado, sun zuba wa kyanwa madara a cikin takalmina, kuma ba abin da ba sa faɗa a kansa, har wanda zai zauna kusa da murhu. Na gwada musu kallon nan nawa. Aarre ya tambaye ni ko wani abu ne ya faɗa min a ido.

Matata Sirkka tana murza kwaɓin biskit, ko juyowa ba ta yi ba ta ce, "Taisto, ina direban nan da ake tsoro? Ko tare da motar kuka yi ritaya?"

Abin ya sosa min rai. Sai na ɗauko makamin da mahaifiyata ta yi mana amfani da shi muna yara.

"Ku dai ci gaba," na ce musu. "Disamba muke ciki. Yanzu haka tonttu, ɗan guntun aljanin nan, yana zagaya gidaje da 'yar jar hularsa, yana leƙe ta taga, duk abin da ya gani sai ya kai wa tsohon nan mai rabon kyautar Kirsimeti. Yaron kirki ya samu kyauta, mai ƙiriniya a naɗo masa ƙirare."

Nan take Aarre ya saki gashin yayarsa. Ita kuwa Pihla sai ta harɗe hannu.

"Kaka, ka taɓa ganinsa?"

"Sau nawa ma."

"Tsawonsa ya kai ina?"

Na nuna mata gwiwata.

"To da me yake kaiwa taga? Tagar nan ko ni sai na yi ɗage."

Mai hankali da nan ya bar maganar. Ni kuwa na kwana ina jin haushin 'yar shekara takwas ta ƙure ni.

Washegari da ƙarfe uku na yamma, duhu ya riga ya rufa kamar yadda yake yi a nan da hunturu, na ce musu zan je in hura wutar sauna, ɗakinmu na wankan tururi. Na shiga ɗakin ajiya na tono wata tsohuwar jar hula mai tsini da ƙararrawa a kai, wadda Sirkka ta saƙa wa Marjut tun tana firamare. Na cusa kaina a ciki da ƙyar. Na bi jikin bango da rarrafe cikin dusar ƙanƙara har gindin tagar falo, na ɗaga kai a hankali yadda tsinin hular kaɗai zai bayyana, na girgiza kai ƙararrawar ta yi ƙara. Ihun da na ji daga ciki, rabon da in ji daɗi irinsa har na manta.

Da na shigo, sai na tarar kamar an musanya min jikoki. Aarre ya kwashe kayan wasansa tsaf, ya yi min sannu har sau biyu. Pihla ta daɗe tana kallon gwiwoyin wandona da suka jiƙe.

"Kin gani ko?" na raɗa wa Sirkka. "Tarbiyya sai wanda ya iya."

"Sau ɗaya ya isa," in ji ta. "Yaron nan ya roƙe ni in ja labulen ɗakinsu, har ya ce in sa fil in manne tsakiya."

Ban saurare ta ba. Na sake yi kwana uku a jere, kullum ina sauya taga. Aarre ya daina waƙe-waƙensa, ya koma tafiya da sanɗa a cikin gida. Ran nan ya cinye gasasshen kifin da ya tsana, hawaye na zuba, idonsa na kan taga. Ni a wautata duk nasara na ɗauke su.

Rana ta biyar sanyi ya kai inda gashin hanci ke daskarewa. Na zaɓi tagar kicin. An yi sa'a, ko rashinta, biskit ya ƙone wa Sirkka, ta buɗe 'yar ƙaramar tagar shan iska ta tafi duba wanki. Na durƙusa ke nan ina gyara hula sai na ji ana jan kujera. Sai ga muryar Aarre daidai saman kaina, ƙasa-ƙasa.

"Tonttu, kana nan? Ni ne Aarre. Ni na fasa shuɗin kofin nan, ba kyanwa ba ce. Yana bayan firji. Kuma jiya na ce wa Pihla mai kan dankali, amma a zuciyata na faɗa." Ya ja majina. "Kuma na jiƙa gado. Ba da gangan ba ne, tsoron tashi na ji. In ƙirare za a ba ni ba komai. Amma kar ka faɗa wa Mama, aiki ya yi mata yawa."

Ban san lokacin da kunya ta rufe ni ba. Ga ni ƙaton tsoho mai shekara sittin da takwas, sanye da hular 'yar firamare, na tsorata ɗan yaro har ya kasa tashi fitsari. Na ce a raina yanzu-yanzu zan shiga in rungume shi. Na yunƙura da ƙarfi.

Wani abu ya ce ƙas a ƙuguna.

Ban miƙe ba, ban kuma iya zama ba. Na tsaya a kan hannuwa da gwiwoyi kamar ɗan maraƙi, ko numfashi na ja sai zafi ya harba har dunduniya. In na yi kira, yaron zai gan ni. In na yi shiru, da safe a tono ni da shebur. Na gwada matsawa kaɗan, ƙararrawar banza ta hau kaɗawa.

Ashe maƙwabciyarmu Rauha, wadda mijinta ya rasu bara, kwana huɗu ke nan tana hango wani yana laɓe-laɓe a jikin gidanmu. Ban ji tahowarta ba, sai hasken tocila, sai kuma faɗin shebur ɗin kwashe ƙanƙara ya sauka a mazaunaina.

"Ɗan iska! Mai leƙen gidan mutane! Yau dubunka ta cika!"

"Rauha, ni ne! Don Allah kar ki ƙara!"

Ta haska fuskata. "Taisto? Gidanka kake leƙe? Makulli ne ba ka da shi?"

Hayaniyar ta fito da kowa. Sirkka ta dube ni, ta dubi hular, ta jingina da bango tana dariya har da riƙe ciki. Pihla ta zo ta tsuguna a gabana.

"Tun ranar farko na gane," ta faɗa a kunnena. "Tonttu ba ya tari kamar tsohuwar mota."

Aarre ne na ƙarshe, ya fito da takalmi ƙafa ɗaya. Ya tsaya yana kallona, ni kuma ina jiran ya gane kakansa maƙaryaci ne. Sai na ga fuskarsa ta yi ja.

"Kaka! Ka ƙwace masa hula! Shi ya sa bai amsa min ba, kai ka kore shi!"

Na ɗaga ido na nemi taimako wurin Sirkka. Ta ɗaga kafaɗa, wato kai ka jiƙa, kai za ka sha. Gaskiyar dai ban iya faɗa ba, sai na gyara ƙaryar yadda za ta yi amfani.

"Na yi laifi, Aarre. Amma kafin ya gudu ya bar maka saƙo. Ya ce ya ji duk abin da ka faɗa. Kofi da gado ba sa cikin abin da ake kai ƙara, shi ma yana yaro ya yi. Kuma ya ce ya gama da gidan nan bana, ba zai sake leƙowa ba."

"Me ya sa?"

"Ya samu wanda zai kai ƙara ai," in ji Pihla.

Aarre bai yarda a ɗaga ni ba sai da na juya wajen itatuwa na ce, "Tonttu, ka yi haƙuri," da ƙarfi, sau biyu, don na farkon wai bai fito daga zuciya ba. Ya tuɓe hular daga kaina ya rataye ta a shinge inda mai ita zai gani. Sannan tsofaffin mata biyu da yarinya ɗaya suka mirgina ni kan abin zamiyar yara na roba, suka ja ni har bakin ƙofa, Rauha tana cewa da ta san ni ne da ta ƙara ɗaya.

Likita ta ba ni ƙwayoyi ta ce in kwanta a ƙasa mai tauri. Kwana shida na yi a shimfiɗe tsakiyar falo. Aarre ya dawo da waƙarsa da ƙiriniyarsa har da riba, shi da Pihla suka mayar da ni gadar da ake tsallakewa, kyanwa kuma ta samu wurin barci a ƙirjina. Ban tsawata wa kowa ba, don ko ɗaga murya na yi sai ƙugun ya amsa.

Ranar jajiberi Marjut ta iso da tsakar rana, a gajiye, ta tarar da ni kwance Aarre yana ba ni faten shinkafa da cokali, rabi a bakina rabi a wuyan rigata.

"Baba! Me ya same ka?"

"Santsi ne ya kwashe ni," na ce.

Sirkka ta ajiye ludayi, ta jawo wa Marjut kujera. "Zauna, 'yata. Pihla, je ki kira Rauha, ita ta fi iya ba da farkon labarin."